Gawo, Gara da Gero: Abin da Bincike Ya Gano Game da Lafiyar Ƙasar Noma

Yawancin ƙasar noma daga Kano zuwa Katsina, har Maraɗi da Damagaram, jigawa ce. Tana da daɗin huɗa, ruwa yana shigarta nan da nan, gero da gyaɗa suna sonta. Aibinta shi ne ba ta da riƙo. Rairayi ya fi yawa a cikinta, laka kaɗan ce, kuma ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da ke sa ƙasa ta yi duhu ta yi laushi bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyinta ba a mafi yawan gonaki. Sinadarai biyu daga cikin waɗanda shuka ta fi bukata, naitirojin da fosfaras, su ne suka fi ƙaranci. Shi ya sa masana da suka daɗe suna aiki a yankin Sahel suke cewa a shekaru da dama yunwar ƙasa ce ke tauye gero kafin ƙishirwa ta tauye shi.

A da, maganin gajiyar gona shi ne hutu. In manomi ya ga dami yana raguwa, sai ya bar gonar ta zama saura, ya yi sabon sassabe a gaba. Kafin ya dawo bayan wasu shekaru, ciyawa da sabara da kashin shanun makiyaya sun mayar mata da ƙarfinta. Yawan jama'a ya kashe wannan tsari. Mutanen Nijar ba su kai miliyan 4 ba a 1960, yau sun haura miliyan 25, kuma a karkarar Kano gona tana maƙwabtaka da gona tun kafin zuwan Turawa. Ƙasar da ake nomawa kowace damina ba tare da hutu ba, abin da aka ɗebe mata a cikin hatsi da kara da harawa dole a mayar mata ta wata hanya, in ba haka ba ta tsiyace. Wani ƙiyasi da masana daga ƙasar Holan suka yi wa Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990 ya nuna cewa kowace hekta a Afirka kudu da Sahara tana asarar kimanin kilo 22 na naitirojin, kilo 2.5 na fosfaras da kilo 15 na fotashiyam a shekara. An soki wannan lissafi daga baya da cewa ya yi wa gonaki kuɗin goro, tunda gonar bayan gida da ke shan juji ba ɗaya take da gonar daji ba. Duk da haka ba wanda ya musa cewa ana ɗiba fiye da yadda ake zubawa.

Amsar da gwamnatoci suka fi sani ita ce takin zamani. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ɗaga yawan takin da ake zubawa daga kimanin kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015, alkawarin da akasarin ƙasashen ba su cika ba. Amma gwaje-gwajen dogon zango da aka yi a cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, sun nuna wani abu da ya fi ƙarancin buhu muhimmanci. Filin da aka riƙa zuba wa takin zamani zalla shekara da shekaru yakan ba da amfani da farko, sannan ƙasar ta fara tsami, amfanin ya ja baya. Filin da aka bar wa karansa kawai yakan ɗan motsa. Wanda aka haɗa masa biyun, kara da taki, shi ne ya yi wa sauran fintinkau, kuma ya ɗore. Dalilin yana cikin abin da ido ba ya gani.

Ƙasa mai lafiya cike take da rai. A cikin ɗan abin da cokali zai ɗiba akwai ƙwayoyin halitta miliyoyi, ga zaren naman gwari mai sirara fiye da gashi, ga gara da tururuwa da buzuzu da tana inda damshi ya samu. Su ne ke cinye kara da ganye da kashi, su narkar da su su koma abincin da saiwa za ta iya sha. Abin da ya rage bayan sun gama shi ne wannan baƙin gari mai riƙe ruwa da sinadari, wanda a jigawa yake yin aikin da laka ke yi a fadama. In babu shi, takin da aka watsa ruwan sama na farko ne zai wuce da shi ƙasa, inda saiwar gero ba ta kaiwa. To waɗannan halittu sai da ci, kuma cinsu shi ne abin da ake sharewa a ƙone lokacin sharar gona.

Gawo da ƙarƙashinsa

Babu bishiyar da aka yi wa bincike a gonakin Sahel kamar gawo. Ɗabi'arsa ta saɓa wa ta sauran itatuwa: yana zubar da ganye da faɗuwar damina, ya tsaya tsirara lokacin da gero ke neman rana, sannan ya yi kore shar da kaka ya riƙe ganyensa duk rani. Saboda haka ba ya yi wa shuka inuwar da za ta cuce ta, kuma ganyen da ya zubar yana ruɓewa daidai lokacin da ake bukatarsa. Saiwarsa tana nutsawa can ƙasa ta nemi ruwa, ba ta cika gasa da ta hatsi ba. Ɗan gidan su wake ne, don haka akwai ƙwayoyin halitta a saiwarsa masu kamo naitirojin daga iska. Da rani kuwa shanu da awaki suna taruwa a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashi da fitsari a wurin.

Tun a shekarun 1960 masu bincike a tashar Bambe ta Senegal suka auna geron da ke ƙarƙashin gawo da wanda ke fili, suka samu na ƙarƙashin ya ninka na filin fiye da sau biyu. Aikin da aka yi a Sadore daga baya ya ƙara da wani dalili da ba a zata ba, wato zafi. A farkon damina rairayin fili yakan yi zafin da ke ƙone ɗan tsiro kafin ya kafu, alhali 'yar inuwar rassan gawo, ko da babu ganye, tana rage wannan zafi. Akwai kuma masu tambayar ko gawon ne ke gyara ƙasa, ko kuwa shi ma a wuri mai ƙarfi yake kamawa tun farko, kamar gurbin tsohon suri. Awon ya nuna duka biyun suna faruwa. Wannan bai rage darajar bishiyar ba, ya dai nuna cewa ba ko'ina za a dasa ta a samu sakamako iri ɗaya ba.

Manoma ba su jira masana ba. Ana ruwaito cewa a ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya kafa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo ba da izini ba. Abin da ya raba manomi da bishiya daga baya doka ce da kuma shawara. Dokar gandun daji ta Faransa ta 1935 ta mayar da itatuwa mallakar hukuma, aka gaji wannan tsari bayan samun 'yancin kai. Mutum na iya shan tara a kan reshen da ya sara a gonar ubansa. Wanda ya san haka, in ya ga ɗan gawo ya tsiro, gara ya tumɓuke shi tun yana ƙarami kafin ma'aikacin daji ya san da shi. A gefe guda malaman gona suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas, aka cire kututture domin garmar shanu ta wuce. Da farin shekarun 1970 da na 1984 suka zo, iska ta tarar da fili ba abin da zai tare ta. Manomi a Maraɗi yakan yi shuka sau biyu, sau uku, wani lokaci fiye, domin rairayi ya binne tsiron ko ya yanke shi.

Dajin da ke ƙarƙashin ƙasa

An kashe kuɗi masu yawa a waɗancan shekaru wajen renon dashe, musamman dogon yaro da turare, a kai ƙauyuka a dasa. Akasarinsu ba su kai labari ba: rana, awaki, gara da rashin mai ban ruwa suka gama da su. Wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan na SIM a Maraɗi, yana cikin masu wannan aiki. A 1983 ya tsaya a hanya domin rage iskar tayar motarsa saboda rairayi, sai ya lura da ɗaya daga cikin 'yan kurmin da ke warwatse a gonaki, waɗanda kowa ke ɗauka ciyayi ne marasa amfani. Da ya duba ganyen ya gane bishiya ce da aka sare, kututturenta yana raye, saiwarta tana nan da ƙarfinta, kowace shekara tana tofo ana sassabe ta. Gonakin da ake ganin fili ne fetal ashe cike suke da irin waɗannan kututture.

Dabarar da ta fito daga nan, wadda ake kira sassaben zamani a Nijar, ba ta bukatar komai sai wuƙa ko lauje. Lokacin sharar gona manomi yana zaɓar kututturen da yake so. A cikin tofon da ya fito, wanda kan kai ashirin ko talatin a cunkushe, sai ya bar uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ya yanke sauran. Waɗanda ya bari ya rage musu rassan gefe zuwa wajen rabin tsayinsu, yana yankan daga ƙasa zuwa sama da kaifi domin kada ɓawon ya yage. Wasu sukan ɗaura ƙyalle a jiki domin mai neman itace ya san da mai shi. Tunda saiwar ta riga ta yi shekaru tana ƙasa, duk ƙarfinta sai ya koma kan 'yan sandunan nan, su yi girman da dashe ba zai yi ba. Kowace shekara ana iya sare ɗaya a yi girki ko rufin ɗaki, a bar wani sabon tofo ya maye gurbinsa.

Karɓuwarta ba ta zo da sauƙi ba. A yunwar 1984 aka haɗa dabarar da rabon abinci a ƙauyuka kusan ɗari, aka ce duk mai son tallafi ya bar itatuwa a gonarsa. An raya kimanin bishiya 500,000. Da rabon abinci ya ƙare, aka sare wajen kashi biyu cikin uku. Sai dai waɗanda suka bar nasu sun ga iska ta rage ɓarna, ga itacen girki a kusa, ga ganyen dabbobi, kuma geron bai ragu ba. Daga nan abin ya riƙa tafiya daga gona zuwa gona ba tare da wani shiri ya biya kowa ba. Ma'aikatan daji a yankin suka sassauta tara, sannan dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara wa manomi ƙarfin gwiwar cewa abin da ya raina nasa ne.

Abin mamaki, an yi kusan shekara ashirin duniyar masana ba ta san girman abin da ke faruwa ba. Sai wajen 2004 zuwa 2009 Chris Reij na ƙasar Holan, Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, da masanan Nijar irin su Mahamane Larwanou suka haɗa hotunan jirgin sama na 1975 da na tauraron ɗan'adam, suka bi ƙauyuka suna ƙirga. Suka ƙiyasta cewa an raya itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. A yankin Mirriya, Magarya da Matamaye kaɗai gawo ya mamaye wajen hekta miliyan ɗaya. An kuma ce hatsin da ake samu ya ƙaru da tan 500,000 a shekara. Wannan adadi na ƙarshe a riƙe shi da hankali, domin lissafi ne da aka gina a kan ƙarin kilo 100 a kowace hekta, ba awon rumbu-rumbu ba. Wasu sun ce ai ruwan sama ne ya gyaru bayan shekarun 1980. Ya taimaka, babu shakka. Amma Tappan ya nuna wurare a kan iyakar Nijar da Najeriya inda ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya, mutane ɗaya, kuma itatuwa suka fi yawa nesa ba kusa ba a ɓangaren da manoma ke raya tofo. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin.

Sabara ma, wadda ba wanda ya taɓa yi wa kallon bishiyar arziki, ta samu masu bincikenta. A Senegal, inda take tsirowa a gonaki kamar yadda take yi a ƙasar Hausa, masana na can da na jami'o'in Amurka sun shafe shekaru suna auna ta ita da kalgo. Sun gano cewa da dare, lokacin da ganye ya daina fitar da ruwa, doguwar saiwar sabara tana jawo damshi daga ƙasa mai zurfi ta sake shi a busasshen rairayin sama. Domin tabbatarwa, a wani gwaji da aka buga a 2018 sun shayar da saiwar ta can ƙasa da ruwa mai alamar da na'ura ke ganewa, a lokacin da aka hana filin ruwa da gangan. Cikin 'yan kwanaki alamar ta bayyana a jikin geron da ke gefe. Geron da ke tare da sabara ya kai ga fitar da zangarniya, wanda ke fili shi kaɗai bai kai ba. Sharaɗin shi ne a bar sabarar da yawa, a sassabe ta da faɗuwar damina, a daddatse ganye da rassan a bar su a gonar maimakon a tara a cinna wuta.

Fako, gara da taki

Inda ƙasa ta riga ta mutu ta zama fako, wato ta daskare ruwa yana gudu a kanta ba ya shiga, babu kututturen da za a raya. Nan ake haƙa tassa. Da rani ake sara ramuka masu faɗin kamar taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, zurfinsu bai kai haka ba, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare domin ta tare ruwa, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami. Tsohuwar dabara ce ta yankin Yatenga a Burkina Faso, wadda manomi Yakuba Sawadogo ya inganta ya kuma yaɗa ta. Shi ma ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, ya rasu a 2023. A 1989 wasu manoma daga Illela ta jihar Tawa suka je suka gani, suka dawo suka gwada. Cikin 'yan shekaru fakon da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa.

Babban ma'aikaci a cikin tassa gara ce. Takin yana jawo ta, ta haƙo hanyoyi daga ƙasa zuwa cikin ramin, kuma waɗannan hanyoyi ne ruwa ke bi ya nutse. Wani masanin Burkina Faso, Abdoulaye Mando, ya gwada wannan a shekarun 1990 ta hanya mai sauƙi. Ya shimfiɗa kara da ciyawa a kan fako, ya sa maganin kashe gara a wasu filayen, ya bar wasu. Inda aka bar gara, ƙasar ta huje, ruwa ya shiga, ciyayi suka dawo. Inda aka kashe ta, shimfiɗar ba ta yi wani abin kirki ba. Ƙwaron da ke cin rumbu da azara shi ne ke farfaɗo da fako, kuma manomin da ya san haka ba ya yi wa kowane suri kallon abokin gaba. Wahalar tassa ita ce aiki: hekta ɗaya tana cin wajen awa 300 na sara a tsakiyar zafin bazara, ga neman takin da za a zuba.

Batun taki ne ya sa karkarar Kano ta ja hankalin masana. Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya daɗe yana nazarin yadda gonakin da ke kewaye da birni suke ba da amfani kowace shekara ba hutu duk da cunkoson jama'a. Abin da shi da waɗanda suka biyo bayansa suka samu zagaye ne da ba ya yankewa. Ana shuka wake da gyaɗa a tsakanin gero da dawa. Harawarsu tana ciyar da tumaki da awakin da ke ɗaure a gida. Kashinsu, haɗe da toka da shara, ana kai shi gona a mangala da rani a jibge tsibi-tsibi. A lokacin, jakunan da suka kai itace birni sukan dawo da juji. Ƙurar hunturu, wadda iska ke ɗaukowa daga wajen Bodele a Chadi, ita ma tana sauke ɗan fotashiyam da kalsiyam kyauta. Kuka, ɗorawa, tsamiya da gawo suna tsaye a gonaki domin kowace tana da mai ita, kuma ƙirgen da aka yi ya nuna ba su ragu ba ko a shekarun fari. A kan wannan tushe ne masu bincike na cibiyar IITA a Kano suka fito da tsarin layi biyu na hatsi, layi huɗu na wake, domin waken ya samu rana ya ba da ƙwaya da harawa duka.

Mai son ganin aikin wake da idonsa ya tumɓuke guda ɗaya a tsakiyar damina. A jikin saiwar akwai 'yan ƙulle-ƙulle. In aka fasa ɗaya da farce aka ga cikinsa ja-ja ne, ƙwayoyin da ke kamo naitirojin suna aiki. In fari ne ko kore, zaman banza suke yi. Sau da yawa abin da ke hana su aiki rashin fosfaras ne, kuma in aka kwashe harawar duka aka sayar a kasuwa, ribar ta bar gonar ke nan.

Ƙuduji ma labarinsa na ƙasa ne. Manoma sun daɗe da sanin cewa a gajiyayyar gona yake yin ƙarfi, kuma bincike ya gano dalili. Saiwar gero ko dawa da ke fama da ƙarancin fosfaras tana fitar da wani sinadari domin kiran naman gwarin da ke taimaka mata tattaro abinci. Irin ƙuduji da ke kwance a ƙasa yana jin wannan kira, sai ya tsiro ya manne da saiwar. Gwargwadon yunwar shuka, gwargwadon ƙarfin kiran. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai masu yawa, kuma suna iya jira fiye da shekara goma. Waken suya da auduga suna fitar da irin wannan sinadari, amma ƙudujin hatsi ba ya iya kama su, sai ya tsiro ya mutu. Juya shuka da ƙara wa ƙasa ƙarfi suna rage shi fiye da tugewa kaɗai.

A saman ƙasa ma yawan nau'in halittu yana da aikin yi. Tsutsar da ke cin zangarniyar gero tana da abokin gaba, wani ɗan mitsitsin zanzaro da ke saka ƙwai a jikinta. Masu bincike a Maraɗi, tare da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso, sun koyi kiwonsa a cikin 'yan buhunan algarara da aka zuba wa gero da tsutsar da zai ci, a rataye a ƙauye lokacin da gero ke fitar da kai, ya fito ya bazu gonaki. A Senegal kuma an auna cewa inda itatuwa suka fi yawa kuma suka bambanta, tsuntsaye da ƙwari masu cin wannan tsutsa sun fi rage ta. Kuka da ɗorawa jemagu ne ke yi musu barbara da dare, kaɗanya kuwa ƙudan zuma. Feshin da ba a yi da lissafi ba yana kashe mai taimako tare da mai ɓarna.

Duk wannan yana da iyaka, kuma masu tallata shi ba su cika faɗa ba. Bishiya da wake suna iya kamo naitirojin daga iska, amma babu mai ƙirƙirar fosfaras. Abin da bishiya ke yi shi ne tattaro shi daga zurfi ko daga gefe, dabba kuma ta kwaso shi daga makiyaya zuwa gona, wato ƙarfin wani wuri ne ake kai wa wani. Saboda haka masanan Sadore suka fito da dabarar ɗan taki a ramin shuka, abin da yatsu uku za su ɗiba ko cikin murfin kwalbar lemo, kimanin giram 6, maimakon watsawa. ICRISAT ta ba da rahoton ƙarin amfani daga kashi 44 zuwa 120 cikin 100 ta wannan hanya. Jayayyar da ake yi tsakanin masu takin gargajiya da masu na zamani ba ta da tushe a jigawa, domin kowanne shi kaɗai gurgu ne.

Kara ma ba ya isa. Wanda aka ce ya bar shi a gona yana bukatarsa domin dabba, danga, zana da murhu, kuma in ya bari wani zai kwashe. Ba kowace bishiya ce gawo ba: mai ganye da damina tana rage amfanin da ke ƙarƙashinta in ba a rage mata rassa ba, ga tsoron tsuntsaye masu sauka a kai su ci gero. Sassaben zamani kuma abin da ya rage a ƙasa kaɗai yake rayawa. Sabara, kalgo, aduwa, magarya da gawo suna dawowa, amma irin su kirya, marke da ɗinya, inda kututturensu ya mutu, sai an shuka su da hannu. Gona na iya cika da itatuwa alhali nau'insu bai wuce huɗu ko biyar ba.

Mafi wuya shi ne tsaro. Bishiyar da mutum ya raina shekara uku ana iya sare ta a dare ɗaya. Ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye ya yi suna ne saboda kwamitocin da ya kafa, waɗanda suka haɗa manoma, mata da Fulani makiyaya, suka sa ƙa'idar sara da tarar wanda ya karya ta. Inda babu irin wannan yarjejeniya, ko inda manomi aron gona yake yi bai san ko shi zai noma ta baɗi ba, dabarar ba ta kama ƙasa. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman da ta amince cewa itacen da manomi ya raya a gonarsa hakkinsa ne ya amfana da shi.